Jirgin Kanta da Birnin Bundukiyya

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega bisa hanyar mota, in ya wuce Boɗinga da Shagari sai ya iso Tambuwal. In kuwa ya saki babbar hanya ya yi kudu, zai faɗa ƙasar Kebbe, inda Gulbin Zamfara ya ratsa ya yi yamma. Da rani gulbin nan ba ya da ban tsoro, yara ma su kan ratsa shi da jakuna. Amma in ruwa ya sauka, fadama ta cika, ba mai ƙetarewa sai ya nemi mai fito, ya biya, ya zauna cikin jirgi ya kama bakinsa. Ruwan nan shi ne ya ke wucewa ta Jega ya haɗu da Gulbin Kabi, su biyu su gangara su zuba cikin Kwara. Kada mai karatu ya rikita Kebbe da Kabi: Kebbe gari ne, Kabi kuwa ƙasa ce da sarautarta. Amma ruwa ɗaya ya ke shayar da su, kuma labarin ɗaya ba ya cika sai da na ɗaya.

Mutanen bakin gulaben nan tun asali masunta ne da manoman shinkafa da masu fito. A cikinsu akwai Kabawa, akwai Sarkawa waɗanda su ka hauro daga Kwara da manyan jiragensu da masun kashe dorina. Ba su da doki da yawa, ba su kuwa bukace shi ba. Arzikinsu shi ne duk wanda ya fito daga Katsina ko Kano za shi yamma, ko Gwanja garin goro, tilas ya ƙetare ruwansu. Gishirin Foga ta hannunsu ya ke bi, busasshen kifi nasu ne, shinkafa tasu ce. Mai jirgi ba ya tsare hanya da mashi, ya kan zauna bakin mashaya ne kurum ya jira, ayari da kansa zai zo ya same shi.

Sa'an nan sai Kanta ya bayyana. Game da asalinsa an yi saɓani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce bawan Filani ne. Kabawa ba su yarda da wannan ba, sun ce ɗan babban gida ne daga wajen ƙasar Katsina, ya tashi cikin makiyaya ya gagari kowa a dambe da kokawa. Abin da ba a yi gardama a kansa ba shi ne ya tara jarumawa, ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Azbin. Da a ka komo sai rabon ganima ya haɗa su. Kanta ya ga an rage masa, ya ƙi, ya ɓalle cikin 1516 ko shekarar da ta bi ta. Askiya ya aiko da yaƙi, bai ci nasara ba.

Wanda ya fi shan wuya shi ne Askiya Muhammadu Bankan, wanda ya yi sarauta daga 1531 zuwa 1537. Ya zo da kansa, Kanta ya tarye shi a wani wuri da littafin Tarihin Sudan na Abdurrahman Sa'adi ya kira Wantaramasa, ya watsa rundunarsa. Mutanen Songhai su ka faɗa cikin taɓo da dawakinsu, har sai da wani babban hakimi ya ɗauki Askiya a kafaɗa ya ƙetare da shi. Mai littafin ya ce abin da ya fi damun Askiya ba asarar mutane ba ce, a'a, abin da masu tsegumi na Tambutu za su faɗa in sun taru bayan masallacin Sankore. A nan a ka fara gane cewa fadama ita ce ganuwar Kabi ta fari. Barde mai lifidi abin tsoro ne bisa tudu, amma cikin laka ba shi da bambanci da buhun gero, mai jirgi da mashi ɗaya ya ishe shi.

Kanta bai tsaya ga fadama kaɗai ba. Ya gina Surame da Gungu da Leka, ya kewaye su da ganuwa, ta Surame har da duwatsu a ka yi ta, abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa. Ƙasashen da ya rinjaya su ya ɗora wa aikin. Masu ba da labari sun ce Azbinawa an hana su ɗiban ruwan gulbi, an ce sai su kawo ruwan kwaɓa daga nesa bisa raƙuma. Nufawa kuwa da su ka makara, a ka sa su kwaɓa rabonsu da man kaɗanya. Ko an yi ƙari cikin zancen, ya nuna yadda mutane su ka tuna da aikin: da ƙarfi a ka yi shi, ba da lada ba. An kuma ce yana da wani babban jirgi wanda a ka lulluɓe da tagulla, matuƙa hamsin ke tuƙa shi, a ciki ya ke kewaya garuruwansa in ruwa ya cika. Sarkin Barno ya kawo masa yaƙi har gindin ganuwar Surame ya koma ba biyan bukata. Kanta ya bi shi gabas ya ci shi da yaƙi wajen Nguru, amma a kan hanyar komowa a ka harbe shi da kibiya cikin ƙasar Katsina, ya rasu. Wannan wajen 1556 ne.

Ga mutanen fito da su da ciniki sun zama masu yaƙi cikin zamanin mutum ɗaya, har su ka tsaya tsakanin manyan dauloli biyu, Songhai da Barno, ba wanda ya iya haɗiye su. To, a wannan zamani sosai akwai wani birni can ƙasar Italiya wanda ya bi irin wannan hanya, amma ya yi nisa ƙwarai fiye da Kabi. Turawa su na ce da shi Benis, Larabawa kuwa Bundukiyya.

Wanda ya yi karatun Larabci zai tsaya a kan sunan nan, don da shi Larabawa su ke kiran bindiga, daga gare shi kuma Hausa ta sami kalmar. Waɗansu masana sun ce daga sunan birnin ne, waɗansu sun ce daga wani ɗan ƙwallo ne mai suna bunduƙ wanda harsashi ya yi kama da shi. Ko wanne ne, birnin ba baƙo ba ne ga ƙasar Hausa, ko da ya ke ba a san shi da suna ba. Duwatsun wuya na ƙarau da mata su ka daɗe su na so, da yawa can a ke yin su. Takarda mai alamar jinjirin wata uku, wadda malaman Sakkwato da Gwandu su ka rubuta littattafai da yawa a kanta, daga ƙasar birnin nan ta ke fitowa, ta bi ta Masar ko Tarabulus ta ratso hamada. Wanda ya ke da tsohon littafi a gafaka ya ɗaga warƙa ɗaya ga hasken rana, wataƙila ya ga alamar.

Birnin Bundukiyya cikin ruwa a ka gina shi, bisa ƙananan gungu da turakun itace da a ka kafa cikin laka. Mutanensa na fari 'yan gudun yaƙi ne, abincinsu kifi, abin sayarwarsu gishiri. Ba su da gona, ba su da doki. Har nan dai kamar labarin Kabawa a ke ba da wa. Inda su ka rabu shi ne wajen sarauta. Su ba su da sarki mai gado. Manyan gidajen fatake su ke da majalisa, su ke zaɓen shugaba wanda su ke kira Doji, su ɗaure shi da rantsuwa da ƙa'idodi har ba shi da ikon buɗe wasiƙar wani sarki shi kaɗai. Irin wannan mulki a ke kira jamhuriya. Amma kada a ɗauka mulkin talakawa ne: cikin 1297 gidajen da ke cikin majalisa su ka ja ƙofa su ka rufe, masunci da ma'aikaci ba su da baki.

Abin da ya mai da su masu yaƙi ciniki ne. Mai kaya cikin teku dole ya tsare kayansa daga 'yan fashi, wanda ya tsare kaya sai ya so mashaya tasa ta kansa, wanda ya sami mashaya sai ya so ƙasar da ke bayanta. Cikin 1204 su ka kai rundunar Nasara birnin Ƙusɗanɗiniyya, wanda a ke kira Istambul yanzu, a ka ci shi a ka washe, alhali mutanen ciki Nasara ne 'yan'uwansu. Bashin kuɗin jirage ne ya jawo abin. Daga nan su ka mallaki tsibirai da mashayu da yawa a gabashin Bahar Rum.

Ƙarfinsu duka a wuri ɗaya ya ke, watau wata babbar ma'aikatar jirage da makamai ta gwamnati, wadda a ka fara wajen 1104 a ka yi ta ƙara ta. An kewaye ta da ganuwa kamar gari. A ciki akwai masassaƙa da masu tufkar igiya da masu ɗinkin filafilan iska da maƙera masu zuba igwa, mutum dubbai, kowa da abu ɗaya da ya ke yi, kowa kuma da ladansa. Su na ajiye kayan jirgi iri ɗaya, awo ɗaya, cikin ɗakuna, in an bukaci jirgi sai a jawo gangar jikinsa bisa ruwa ta bi ƙofa ƙofa, nan a sa itacen tsakiya, can a sa igiya, gaba a sa makamai da guzuri, kafin ta kai bakin fita ta zama jirgin yaƙi. Cikin 1570, da Turkawa su ka tasam ma tsibirin Ƙubrus, ma'aikatar nan ta fid da jirage wajen ɗari cikin wata biyu. Cikin 1574 Sarkin Faransa ya kawo ziyara, a ka harhaɗa jirgi guda a gabansa cikin 'yan sa'o'i don ya gani ya ba da labari. Har daji su ka keɓe tun 1471, ba mai saran itace a ciki sai domin jiragen gwamnati.

Akwai wani abu kuma da ba a cika ambatonsa ba don ba shi da ƙara kamar igwa, shi ne littafin lissafi. Manyan jiragen ciniki na gwamnati ne, kowace shekara a kan yi gwanjon hayarsu ga fatake, a rubuta wanda ya ɗauka da abin da ya biya da ranar tashi. A birnin nan a ka buga littafin da ya bayyana hanyar rubuta shiga da fita, kowanne da shafinsa, cikin 1494. Wanda ya taɓa zama gaban littafin baitulmali ya kwana ya na neman sisin da ya ɓace ya san abin nan ba ƙarami ba ne. Sarki ya kan mutu, jarumi ya kan tsufa, amma littafi ya na nan, wanda ya gaji kujera ya buɗe ya ci gaba daga inda a ka tsaya.

Yanzu sai a komo Kabi, ga wata rana da hanya ta rabu biyu. Cikin 1591 Sarkin Maroko, Ahmadu Mansur, ya aiko da runduna ta ratso hamada, mutum wajen dubu huɗu, da yawansu masu bindiga. Su ka gamu da rundunar Songhai a Tondibi, kusa da Gawo, su ka karya ta, ko da ya ke ta fi su yawa nesa ba kusa ba. Waɗanda su ka tsira su ka gangara Dandi tare da Askiya Nuhu, su ka shiga dazuzzuka da fadamu, su ka yi ta wahal da mutanen Maroko, waɗanda zazzaɓi ya ke kashewa, dawakinsu kuma su na mutuwa. Wajen 1594 Mansur ya rubuto wa Sarkin Kabi Dauda wasiƙa. Ya zarge shi da ba mutanen Songhai mafaka da taimako, da tare hanyar mutanen Kano da Katsina, ya ce ya yi mubaya'a, ya kuma riƙa ba da jiragen da a ka saba ba Askiya, in ba haka ba yaƙi na zuwa. Yaƙin bai zo ba. Amma wasiƙar ta nuna abu guda a fili: mai bindiga ya iso bakin Kwara, ya rasa jirgi; mai jirgi kuwa ya na zaune a Surame ba shi da bindiga.

Da a ce Sarkin Kabi ya amsa da ciniki, ya ce jirgi goma bindiga kaza, da maƙeri ɗaya wanda ya san sirrin abin, me zai faru? Ba abin da ba ya yiwuwa ba ne, don a zamanin nan Mai Idirisu Aloma na Barno ya riga ya samo 'yan bindiga Turkawa su na koya wa bayinsa harbi. Kabi ta na da maƙera, ta na da tama cikin tuddanta, ga ƙirya ta yin gawayi, ga maɗaci da kawo na sassaƙa jirgi. A ce an tara maƙeran nan wuri ɗaya cikin ganuwar Gungu, an raba musu aiki, wannan bututu, wannan kunama, wannan ƙota. A ce an tara masassaƙa a bakin gulbi, an ba su awo ɗaya. Cikin shekara ashirin jiragen Kabi masu bindiga za su riƙe Kwara daga Gaya har Yawuri, ba gishirin da zai hau, ba goron da zai ƙetare, sai da yardarsu. Zamfarawa da Gobirawa da Azbinawa, waɗanda daga baya su ka taru su ka rushe Surame, da sun tarad da wuta bisa ganuwa. Gulbin Zamfara kuwa da ya zama hanyar gwamnati, Kebbe ta zama mashayar katako da gawayi da shinkafar guzuri, tudun Tambuwal ya zama zangon dawaki da kasuwar fatake masu zuwa daga gabas.

Zancen da daɗin ji, amma in an auna shi sai a ga ramuka. Na fari, gulbi ba teku ba ne. Jirgin Bundukiyya ya na tafiya wata da watanni ya ɗauko kayan Masar da Sham; jirgin Kabi wata huɗu ko biyar ya ke da ruwa sosai, sauran shekara ya na kife bisa yashi. In ya gangara Kwara kuma, ƙasa da Yawuri akwai duwatsun Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka cikin 1806. Watau ƙofar kudu a toshe ta ke, teku kuwa ta na can nesa a hannun waɗansu. Na biyu, albarushi ba ya yiwuwa sai da farar wuta, ita kuwa sai an kawo ta daga ƙetaren hamada. Wanda ya ke sayen farar wuta daga hannun abokin gabansa, bindigarsa sanda ce duk ranar da a ka ga dama.

Na uku shi ne babba. A Kabi, kamar sauran ƙasashen Hausa, falke baƙo ne ko da ya shekara arba'in. Ya na da mai masauki, ya na kai gaisuwa fada, a na girmama shi in ya yi arziki, amma ba a tambayarsa ranar da za a ɗaura yaƙi, dukiyarsa kuma ba ta da ganuwa in sarki ya yi fushi. Masu zaɓen sarki su na nan, amma cikin gida ɗaya su ke zaɓe. Saboda haka ba wanda zai zuba dukiyarsa cikin aikin da ba zai ba da riba ba sai bayan shekara ashirin. Madugu ya gwammace ya sa kuɗinsa cikin jakai da bayi da tufafi, abin da zai iya kora ya gudu da shi da dare. Ganuwar Surame da tsoron Kanta a ka gina ta, da tsoron ya gushe ba wanda ya san ko nawa ta ci, balle ya ware abin gyaranta.

Akwai kuma tambayar da masu son labarin girma ba su cika yi ba: da abin ya yiwu, wa zai ɗauki kayan? A Bundukiyya da fari 'ya'yan gari ne ke tuƙa jirage da lada, amma daga wajen 1545 sai a ka koma ɗaure fursunoni da sarƙa bisa benci. A bakin Kwara, abin da mai bindiga ya ke saye da shi a wancan zamani sananne ne, mutum ne. Ƙasashen bakin teku na kudu da su ka sami bindiga da yawa, irin su Dahomai, sun shiga wani kewaye mai wuyar fita: a kama mutane a sayi bindiga, a ɗauki bindiga a kamo mutane. Da Kabi ta zama irin daular da a ka kwatanta, ƙauyukan Gulbin Zamfara su za su fara sani, don su ne kusa. Su za su sari itace har dajin kudancin Kebbe ya ƙare, su za su ba da shinkafa, 'ya'yansu za su riƙe filafili. Mai sha'awar jirgin tagulla ya kan ga kansa zaune a tsakiya ƙarƙashin laima, ba ya ganin kansa cikin hamsin ɗin nan.

Abin da ya auku a zahiri gajere ne. Cikin 1674 Agabba na Azbin ya ƙwace Adar daga hannun Kabi. A farkon ƙarni na 18 a ka ci Surame da Gungu da Leka, Sarkin Kabi Tomo ya koma ya gina Birnin Kabi. Cikin 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jeɗo su ka ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Hodi ya fita, jama'ar Shehu su ka zauna Gwandu. Bundukiyya ma ba ta tsira ba. Tun 1498 da Fotugis su ka kewaye Afirka su ka isa Indiya, hanyar ciniki ta fara kauce mata. Ta taimaka a ka karya jiragen Turkawa a Lefanto cikin 1571, duk da haka Ƙubrus ta tafi, Kirit ta bi ta cikin 1669. Cikin 1797 Nafoliyon na Faransa ya iso, majalisa ta taru ta rushe kanta, Doji na ƙarshe ya tuɓe hularsa. Shekara takwas ke nan tsakanin faɗuwarta da ta Birnin Kabi.

Sai dai Kabawa ba su ƙare a 1805 ba, a nan ne kuma Tambuwal ta shigo labarin da sunanta. Muhammadu Buhari ɗan Shehu shi a ka ba wannan yanki, ya zauna Tambuwal ya mai da ita ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, inda malami da manomi duk su ke kwana da kwari a kusa. Zuriyarsa su ka riƙe garin bayansa. Kada a gama shi da Buhari ɗan Abdussalami, wanda ya kafa Jega. Suna ne ya zo ɗaya. A na bukatar irin wannan tsaro, don fadamar da ta ci dawakin Askiya ba ta ƙafe ba. An kashe Hodi cikin 1826, an kashe Karari cikin 1831, amma cikin 1849 Yakubu Nabame ya sake ta da tutar Kabi a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa su ka bi shi. Daga nan har shekara hamsin, in an ɗebe 'yan shekarun amanar da a ke kira Lafiyar Toga, manomin ƙasar Gwandu da Tambuwal bai san ranar da mahaya za su ɓullo daga yamma ba. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau cikin 1883, an ce garuruwa casa'in ya ci. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai masa yaƙi da kansa ya komo ba nasara. Duk wannan kuwa yawancinsa da doki da mashi da kibiya a ka yi shi, shekara ɗari uku bayan Tondibi.

Abin mamaki, cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne Jega ta zama babbar kasuwa, har a ƙarshen ƙarni na 19 a na lissafa ta bayan Kano. Goron Gwanja da gishiri da tufafi da dawaki duk su na haɗuwa a bakin gulbin nan, ayari su na bi ta Tambuwal su na nufar Sakkwato, jirage su na gangarawa Kwara. Yaƙi bai kashe kasuwar ba. Abin da ya rage ta reluwe ne: da jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko ya hau dogo, ayarin Gwanja ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Gabar Sakkwato da Argungu an rufe ta cikin 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Kabawa su ka tarye shi da babban su a gulbi, abin da ya zama asalin bikin kamun kifin da a ka sani. Ma'aikatar jiragen Bundukiyya ta na nan tsaye, wani sashe a hannun sojan ruwa na Italiya, wani sashe a na nuna zane-zane a ciki. Surame kuwa cikin 1964 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi da a ke kiyayewa. Duwatsun ganuwar su na nan zube cikin daji arewa da gulbi, makiyaya su na ratsa ƙofofin da shanunsu.